Kwamfutar Gidan Laraba

Asabar, 27 ga Afrilu, da yamma

Ƙafafuna ciwo suke, amma ciwon daɗi. Ranar Sarki, bikin haihuwar sarkin ƙasar nan da kowa ke fito da kayan gwanjo, ta yi kyau bana, ruwa bai sauko ba sai da aka fara naɗe barguna. Tun da sassafe kowa ya shimfiɗa bargonsa a bakin titi ya baje tarkacen da ya gaji da gani a gida: tsofaffin takalma, kofunan da suka rasa 'yan uwansu, fitilun da ba sa kamawa. Bara na sayar da tukunyar furen da Mem, uwar mijina, ta ba ni. Bana na gan ta a bargon wata mata daban. Haka kayan yankin nan suke zagayawa.

Ni da Douwe, mijina, mun hau keke zuwa garin gaba, don can kasuwar ta fi cika. Na samu kwali guda shaƙe da ƙananan littattafan soyayya, siraran nan masu hoton likita da wata mace iska na kaɗa gashinta. Yana ajiye tsakanin injin gasa burodi da wata tsohuwar kwamfuta ruwan toka. Douwe ya ce, "Jildou, labari ɗaya ne fa suke sauya masa riga." Na ce, "Kai ma tafki ɗaya kake ƙetarawa kullum, ban ji ka ce ka gaji ba." Shi ya ɗaure min kwalin a bayan kekensa.

Mai bargon mijin Renske ne. Mun yi kamar ba mu san juna ba, yadda aka saba. Renske ita ke riƙe da gidan Laraba, ɗakuna biyun nan da ke saman shagon gyaran keke, inda Douwe yake zuwa duk Laraba da yamma. Mutanen garinmu sun ɗauka karatun tuƙin jirgin ruwa yake zuwa. Iyayensa ma haka. Ni kaɗai na san kujeru ne a zagaye, da kofi marar daɗi, da mutanen da kowannensu ya ƙudurta ba zai sake kai kwalbar giya baki ba. Watan Yuni Douwe zai cika shekara biyu da dainawa.

Kuma a watan Yunin ne Hoekstra, mai kamfanin jirgin fito, ya ce zai ba shi tuƙi. Ya huta da ɗaurin igiya da jera motoci, ya hau sama ya riƙe sitiyari. Yau abokansa suna ta ɗaga kofuna suna yi masa tsiya, shi kuwa yana riƙe da ruwan tuffa. "Kyaftin mai shan na jarirai!" Ya ce musu cikinsa ne, kamar kullum.

Da muka dawo na sumbace shi a bakin ƙofa. Tuffa kawai.

Litinin, 29 ga Afrilu, da rana

Renske ta kira muna cikin cin abinci. Douwe ya fita lambu da wayar. Ta taga na hango shi ya juya min baya, hannu ɗaya a ƙeya. Da ya shigo bai zauna ba.

"Sun share kabad ɗin ofis saboda Ranar Sarki," ya ce. "Mijinta ya kwashe duk abin da aka daina amfani da shi. Har da tsohuwar kwamfutar."

"To?"

"To ba wanda ya goge abin da ke cikinta."

Na tambayi wanda ya saya. Wai wani mutum ne mai hula ruwan lemo. Ranar da ƙasar nan kaf take sanye da hula ruwan lemo.

Ai na gan ta. Na tsuguna a gabanta ina zaɓen littattafai, har na ɗan matsar da ita gefe don ta tare min kwalin.

Talata, 30 ga Afrilu, da safe

Ban yi barcin kirki ba. Har na matsar da ita gefe.

Laraba, 1 ga Mayu, bayan cin abincin yamma

Ya je. Ya dawo da wuri.

Komai yana cikin kwamfutar. Abin da ake tambayar mutum ranar farko: sunansa, gidansa, inda yake aiki, tun yaushe ya fara, nawa a rana. Abin da ya faru a bakin tafki a hunturun can, wanda ko a nan ba zan rubuta ba. Har abin da ni na faɗa ranar da na raka shi, ina kuka, Renske tana bugawa da yatsa biyu tana gyaɗa kai.

Na ce, "Amma ai akwai kalmar sirri."

Ya dube ni. "Sunan karenta ne. Su duka masu taimakon da shi suke shiga. Kuma don kada wani ya manta, sun rubuta a 'yar takarda sun manna a cikin murfin."

Muka yi dariya. Ba irin dariyar da ake so ba. Ta ƙi tsayawa har sai da na tashi na kunna famfo.

Renske mutuniyar kirki ce, wannan ba ja. Shekara da shekaru tana hawa matattakalar nan ba a biyanta ko sisi. Ita ce ta zauna da shi a asibiti lokacin da ni na kasa shiga. Ina ta neman yadda zan ji haushinta, sai in tuna rigar sanyinta mai gashin kare.

Na sumbace shi da ya shigo. Kofi. Na tsani yadda hancina yake riga bakina.

Alhamis, 2 ga Mayu, da hantsi

Renske ta gaji da kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Wani ya gaya mata dole a sanar da kowa da gaggawa, sai ta rubuta imel guda ta tura wa kowa.

Douwe ya miƙo min wayar. Saƙon ban haƙuri ne, mai kyau, ta ce suna iya ƙoƙarinsu su gano wanda ya sayi kwamfutar, ta ce asirinmu shi ne abu mafi daraja a wurinta. A samansa kuwa, a layin da kowa ke gani, ga adireshin duk wanda ya taɓa hawa matattakalar nan. Mutanen nan kuma da sunayensu na gaskiya suke buɗe imel.

Ban so in karanta ba. Na karanta. Malamar ajin ƙananan yara. Mai sayar da kifi ran Juma'a. Wata da muke rera waƙa tare a coci.

Da adireshi ɗaya da na sani kamar yunwar cikina. Sunaye biyu a haɗe, na uban Douwe da na uwarsa, domin su a ganinsu ma'aurata ba sa raba akwatin saƙo. Duk Asabar daga can ake turo mana, "Gobe bayan coci akwai kofi."

Douwe ya ce, "Gudummawa suke bayarwa. Ka san su da bayar da gudummawa." Da kansa yake magana, ba da ni ba.

Ba a jima ba wani saƙon ya shigo: don Allah kowa ya goge na farko. Shi ma da sunayen a buɗe.

Juma'a, 3 ga Mayu, da la'asar

A gidan burodin da nake aiki, Trynke, wadda muke tsayawa bayan kantar ciniki tare, ta kalle ni ta ce, "Ke, fuskarki kamar burodin shekaranjiya."

Na ce kaina ne.

Ta ci gaba da jera kek. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wani ya ɗauki hoton abin nan yana ta turawa. An turo min. Ban buɗe ba." Ta goge hannu a jikin riga. "Ƙarya nake, na buɗe. In wata ta yi miki kallon banza ki nuna min ita, in yanka mata burodi a karkace har ƙarshen rayuwarta."

Ba wadda ta yi min kallon banza. Da ma sun yi. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna da nake ba ta canji, ta matsa shi, ta ce, "Sannu, 'yata." Wata kuma da ta saba tsayawa hira ta karɓi burodinta ta fice kamar an biyo ta.

A littattafaina asiri yana tonuwa ne dab da ƙarshe, don a samu dalilin gudu cikin ruwan sama a rungume juna. Ba a taɓa nuna washegari ba, da sai mace ta tsaya ta sayar wa garin burodi.

Asabar, 4 ga Mayu, da magariba

An yi shirun tunawa da mamatan yaƙi a dandali. Tun ranar Alhamis sai yau garin nan ya rufe baki.

Saƙon kofi bai zo ba.

Lahadi, 5 ga Mayu, da rana

Labulen Mem a rufe yake.

A titinmu ba a rufe labule. Kana wucewa kana ganin mai kallon talabijin, mai feraye dankali, mai gyangyaɗi a kujera. Farkon aurenmu na taɓa jan namu da yamma don rana tana dukan shafin littafina, kafin gari ya waye Mem ta buga waya tana tambaya ko lafiya. Yau nata a rufe ruf, duka tagogi biyun.

A coci Heit, uban Douwe, bai zauna a bencin dattawa ba. Can baya ya zauna, kusa da ƙofa, hularsa a gwiwa. Douwe bai waiwaya ba, amma na ga jijiyar wuyansa.

Da aka fara wa'azi aka soma miƙa farar alawar na'a-na'a daga hannu zuwa hannu, yadda ake yi kowace Lahadi. Ta iso kaina na kasa ɗauka. Ni na hana shigo da alawar nan gidana, domin a shekarun can Douwe da ita yake rufe warin. Aljihunsa, motarsa, ƙarƙashin matashinsa.

Sai na tuna Heit. Kowa ranar Lahadi yake shan ta. Heit kuwa kullum tana aljihunsa, a gona, a mota, a wurin biki. Tun ina budurwa yake miƙo min ina cewa, "Na gode, Heit."

Bayan an tashi, kafin mu kai ƙofa sun tafi.

Talata, 7 ga Mayu, da yamma

Hoekstra ya kira shi ofis. Har da ba shi kujera da kofi.

Douwe ya kwaikwayo min muryarsa yana cire takalmi: "Ba don wani abu ba ne, Douwe, ka san yadda nake ji da kai. Lokacin baƙi ne, jirgi zai cika da yara da kekuna, gara mu bari sai kaka. Ni fa ban ga komai ba, ban ji komai ba."

Ya ajiye takalmin. "Ban tambaye shi ba, Jildou. Ban ce masa akwai abin gani ba."

Na ce ai ba shi da hurumi, doka ma ba ta yarda ba. Ya ce ai bai kore shi ba, jinkirtawa kawai ya yi, wace doka ce ta hana mutum jinkiri? Wani za a ba tuƙin bazarar nan. Shi zai ci gaba da ɗaurin igiya.

Hular kyaftin ɗin da na saya masa a ɓoye tana can saman kabad cikin ledarta. Na sake tura ta ciki sosai.

Ya shigo na sumbace shi. Man jirgi da kofi.

Laraba, 8 ga Mayu, da yamma

Bai je ba.

Lokacin tafiya ya yi, na ɗauko masa rigar ruwa. Ya ce, "In je in gaya wa wa? In faɗa su buga, su kai kasuwa?" Ya fita ɗakin katakon da ke ƙarshen lambu ya rufe ƙofa. Ina jin ƙarar zarto, ban san me yake yankawa ba. Ba mu da abin da ke bukatar yanka.

Tunda ya fara zuwa, ko ranar da ƙanƙara ta rufe hanya bai fasa ba. Da ƙafa ya tafi.

Alhamis, 9 ga Mayu, da hantsi

Hutu. Shafi ɗaya nake ta maimaitawa. Likitan labarin yana tsaye a bakin ƙofa tun jiya, na kasa shigar da shi.

Asabar, 11 ga Mayu, da safe

Malamar ajin yara ta ɗauki hutun rashin lafiya. Trynke ta ce iyaye biyu ne suka je wurin shugabar makaranta. Matar nan ta fi shekara takwas ba ta taɓa ba, in ji wanda ya sani. Yanzu kowa ya zama wanda ya sani.

Lahadi, 12 ga Mayu, da la'asar

Ranar iyaye mata. Douwe ya ce yana da aiki, alhali ba shi da shi. Na sayi furanni na tafi ni kaɗai.

Mem ta buɗe min ƙofar baya. Falon duhu da rana tsaka, sai warin kofi da man goge katako. Heit yana gona, ta ce, ko da yake Lahadi ce kuma ba a taɓa ganinsa a gona ranar Lahadi ba.

Ta yanka gindin furannin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ku shekara nawa da dainawa?"

"Biyu, watan gobe, Mem."

"Mu goma sha ɗaya." Ta zuba ruwa a tulun fure. "Kafin nan Heit ya yi ashirin yana sha."

Na ce furannin sun yi tsada bana.

"Shi ranar Litinin yake zuwa gidan nan na Renske," ta ce. "Na gaya wa mutane wasan darar nan mai sarki da doki yake zuwa. Mutumin da bai san inda ake ajiye doki ba." Ta ɗan yi murmushi, ya ɓace. "Ya mayar wa mutanen coci da kujerar dattawa. Ba su nema ba, shi ya kai. Litinin ɗin da ta wuce bai fita ba."

Na ce Douwe ma haka.

Sai ta juyo. Ban taɓa ganin Mem cikin fushi ba, iyakarta ta tsuke baki. "Shekara talatin da ɗoriya ina ɗinke da bakina, Jildou. Na ɓoye wa uwata, na ɓoye wa fasto, na ɓoye wa ɗan da na haifa, ina wanke kwalabe ina kai su juji a garin da ba a san ni ba. Wata ta zo da yatsa ɗaya ta farke ɗinkin, wai tana ba da haƙuri."

Ta zauna. Ta ce, "Da na gaya wa yaron nan, wataƙila da ya yi hattara." Na ce, "Mem, ki sha kofinki." Ta ce, "Ke za ki gaya min in sha kofina a gidana?" Amma ta sha.

Da zan tafi ta cusa min rabin kek a jaka. "Ki ce masa ubansa bai san ta inda zai fara ba. Kada ki ce ni na faɗa."

Na gaya masa. Ya ce, "Uhm."

Talata, 14 ga Mayu, da yamma

Renske ta zo har gida. Ta jingine kekenta a jikin shinge, inda duk titi zai gani, ban sani ba ko ta lura. Douwe ya hango ta ya wuce ɗakin lambu.

An samu kwamfutar. Wani manomi ne ya saya don yana son wayar cajinta. Ita kanta ba ta ma kamawa, tana can bayan motarsa tun ranar, ƙarƙashin buhun abincin kaji. Ko murfin bai ɗaga ba. Da ya ga sanarwa a kanti ya kawo ta da kansa.

Na zauna ina kallonta. Ashe kwamfutar ba ta ce uffan ba. Ban haƙurin ne ya yi magana.

Ta rame. Ta ce sun kai rahoto hukuma, kuma wata mata da ta san aikin tana zuwa tana koya musu. Yanzu kowa da kalmar sirrinsa. Saƙo sai ɗaya-ɗaya, ko a ɓoye sunaye. Duk na'urar da za ta fita daga ofis sai an goge ta ƙarƙaf. Sun ƙona rabin abin da suka tara, don ba su ma san me ya sa suke ajiye shi ba.

"Abin da yamma ɗaya ta isa a koya," ta ce. "Yamma ɗaya, Jildou. Kullum sai in ce ai mu ba banki ba ne, wa zai damu da mu? Na ɗauka tunda ba na faɗa da bakina, shi ke nan na riƙe amana."

Na ce, "Me ya sa kika rubuta maganar bakin tafki?"

Ta ce, "Don kada in manta in sake tambayarsa, in sa shi ya maimaita."

Na so a ce amsar mugunta ta ba ni.

Ta ce Larabar da ta wuce kujeru sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Ba sunanta take kuka ba, ba hukuma take tsoro ba. Waɗanda suka daina zuwa take lissafawa a zuci, tana tunanin inda kowannensu yake zaune da yamma. Na dubi ƙarshen lambu. Ita ma ta duba.

Ban ba ta kofi ba. Sai da ta tafi na tuna.

Laraba, 15 ga Mayu, da yamma

Bai je ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, da hantsi

Na shiga ɗakin lambu neman almakashin yankan fure. Bayan gwangwanayen fenti, cikin ledar wani kanti da ba na garinmu ba, sai ga kwalba.

Murfin a liƙe yake. Ba a buɗe ba.

Na daɗe a tsaye. A littafi da mace ta fasa ta a ƙasa, ko ta kai masa ita kan tebur ta ce zaɓi, ni ko ita. Renske ta taɓa gaya min cewa in na zubar da guda, akwai kanti a kowane gari. Na mayar da ledar yadda na same ta, har da naɗin bakin.

Na manta almakashin.

Juma'a, 17 ga Mayu, da safe

Murfin bai motsa ba.

Asabar, 18 ga Mayu, da safe

Bai motsa ba. Amma an juya ta, takardar jikinta tana kallon bango yanzu. Ya riƙe ta.

Litinin, 20 ga Mayu, da rana

Na gaji. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba. Na gaji da sauraren ƙarar ƙofar lambu, na gaji da ƙirga takunsa in ji ko ya karkace, na gaji da murmushi a bayan kanta. Jiya ya shigo na matso, sai ya ɗan kawar da fuska ya ce yana da mura. Ba shi da mura. Ban ji warin komai ba, amma ban samu na matsa sosai ba.

Trynke ta ce in zo gidanta in kwana biyu. Na ce wa zai duba? Ta ce, "Duba me?" Na ce tumatir.

Na kai kwalin littattafan ƙarƙashin matattakala. Duk sanda na gan shi sai in ga abin da ke ajiye kusa da shi.

Murfin bai motsa ba.

Laraba, 22 ga Mayu, da yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna

Ina wanke-wanke na ji mota ta tsaya. Ta Heit ce. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin shinge da rigarsa ta zuwa coci, hannuwa a baya. Douwe yana lambu yana ɗaure tumatir. Na rage ƙarar famfo.

"Douwe."

"Heit."

"Tumatirin nan ka matse su da yawa."

"Haka Mem take yi."

"Shi ya sa nata ba sa girma."

Kowa ya tsaya kallon tumatir. Na ce a raina shi ke nan, zai koma mota.

Heit ya yi gyaran murya. "Ni ranar Litinin nake zuwa. Na ce yau bari in gwada Laraba, in ga ko kofinku ya fi namu."

"Bai fi ba."

"To. Akwai wuri a mota."

Douwe ya tsaya da zare a hannu. "Kowa zai gan mu, Heit."

"Sun riga sun gani. Me ya rage, su ga launin motar?"

Douwe ya ajiye zaren. Ya nufi ɗakin lambu. Ya fito da ledar. Bai ɓoye ta ba, ya riƙo ta ta wuya kamar kazar da aka yanka. Heit ya dubi ledar, ya dubi ɗansa.

"A buɗe?"

"A'a."

"Sa a bayan mota. Suna da wurin wanke kofuna a can, yana shanye komai." Ya buɗe masa ƙofa. "Kuma yau in matar nan ta ɗauko abin rubutu, sai ta fara gaya min inda zai kwana."

Suka tafi. A littattafaina da an yi kuka, da an rungume juna a tsakiyar titi. Su kuwa ina jin Heit yana cewa ya ja bel, motar tana ƙara in ba a ja ba.

Na zauna a falo, ban karanta komai ba. Maƙwabciya ta wuce da karenta ta leƙo, na ɗaga mata hannu.

Bayan sun dawo

Tuƙin bazara ya tafi, ba zai dawo ba. Malamar yara an ce gidanta na kasuwa. Labulen Mem ban sani ba, sai Lahadi.

Motar ta sauke shi a bakin shinge ta wuce. Na buɗe ƙofa tun bai taɓa ba. Na tsaya, ban matsa ba, don na yi wa kaina alkawarin yau ba zan yi ba.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da farar alawa guda ɗaya, ya ɗora min a tafin hannu.

"Heit ne ya ba ni a mota," ya ce. "Ban sha ba. Na san za ki shinshina."

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko. Hancinki sanyi gare shi." Ya sunkuyo. "Zo, yi aikinki, malama."

Kofi. Marar daɗi, wanda ya daɗe a kan wuta.

Na ajiye alawar a bakin taga, inda duk mai wucewa zai gani.